Yadda Dagatai Biyu Suka Yi Rigima a Kaina a Makka

Mutumin da ya ce mini aikin tuƙi na jirana a Makka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tuƙi na yi. Sai dai motar ba ta da inji, ba ta shan mai, kuma a bayanta nake tsayawa ina turawa.

Sunana Bala, daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure. Da bizar Umara na shiga, bisa alkawarin wani ɗan garinmu da ya daɗe a can, wanda daga baya na raɗa wa suna Alhaji Sai-Gobe. Shi ya tarbe ni a tashar motocin Kudai, ya rungume ni har da ƙwalla, ya karɓi fasfona wai zai kai wa Balaraben da zai yi mini iƙama, wato takardar zama. Duk ranar da na kira shi sai ya ce, "Ɗan'uwa, ai magana ta ƙare, sai gobe." Goben nan ta yi ta haihuwa har da jikoki. Bizata ta mutu, lambar wayarsa ta bi ta, ni kuwa na zama irin mutanen da ba su cikin lissafin kowa.

A unguwar Hindawiyya Allah Ya haɗa ni da Hajiya Yalwa, wata tsohuwa 'yar asalin Damagaram da iyayenta suka shigo da ita ta Sudan tun tana goye. Tuwo da miyar kuka take sayarwa a wani lungu. Na tsaya daga nesa ina shaƙar ƙanshin daddawa, don rabona da abinci mai nauyi na manta.

"Kai ɗan nan," in ji ta, "tun ɗazu kake kallon tukunyata kamar a ciki aka binne cibiyarka. Ta'al, zo ka zauna."

Na ci, na yi kuka, na ƙara ci. Da ta ji labarina ba ta yi mamaki ba, sai cewa ta yi nawa ma mai sauƙi ne, tun da an bar mini takalmina. Ta ba ni wurin shimfiɗa a ƙarƙashin matakalar gidan, sannan ta jawo mini arabiyar mijinta marigayi, wato keken da ake tura marasa ƙarfi a kai. Ƙafarta ta hagu tana kuka kamar ɗan akuya, kuma in ka sake ta hagu take nufa.

"Ga motarka, direba. Kada ka shiga da ita Harami, can sai masu izini. Ka tsaya bakin otal-otal na Kudai, ka kai tsofaffi wurin bas, ka kai su kasuwa. In ka ga shurɗa, wato 'yan sanda, kada ka gudu, mai gudu shi ne mai laifi. Duk tsohon da ke kan arabiyar nan ka mai da shi kakanka, halas."

Haka na yi kakanni iri-iri: 'yan Turkiyya, 'yan Indunusiya, da wani Bapakistane da ya sa na zagaya da shi kasuwa tun hantsi har azahar, da muka dawo ya ba ni dabino guda ya ce albarkarsa ta fi kuɗi. Da yamma nakan kira matata Hadiza. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma tsiya kam sai ta yi. "Direba, yaya motar? An canza mata baƙin mai?" In ta juya wayar na hango garkarmu da kukar bayan gida, sai in ce mata layi ba ya kyau, in kashe.

Wata safiya ina tsaye a ƙofar wani ƙaramin otal sai ga dattawa biyu sun fito suna musu da wani harshe da ban taɓa ji ba, wata dattijuwa mai baƙin lulluɓi tana biye da su. Ɗaya dogo ne siriri mai gashin baki fari fat. Ɗayan gajere ne mai tumbi, yana dogara sanda. Dogon ya nufo ni, ya ɗaga hannu, ya ce da ƙarfi:

"Can nafar?"

Nafar na sani, duk wanda ya kwana biyu a Makka ya san mutum ake nufi. Can kuwa ai Hausa ce. Na ce shi ke nan, tsohon nan ya hango masu kame a can yana yi mini gargaɗi. Na waiga baya, na waiga gefe, na riga na ɗaga ƙafa sai na tuna da maganar Hajiya Yalwa na mayar da ita.

"Can nafar?" ya sake cewa, yana buga hannun arabiyar.

Dattijuwar ce ta cece ni. Ta matso ta yi mini magana da Larabcin littafi, irin wanda muka yi a Islamiyya, har da wasulan ƙarshe. Ta ce su mutanen ƙasar Farisa ne, kuma yayanta tambaya yake, mutum nawa keken ke ɗauka. A harshensu haka ake cewa "mutum nawa". Na ce mutum ɗaya. Dattawan suka kalli juna, kowa ya ja da baya.

Ta tambayi sunana. Na ce Bala.

Ban san abin da na taɓo ba. Dogon ya ɗaga hannuwa sama kamar an yi masa albishir da Aljanna, ya kama kaina ya sumbaci goshina. Gajeren ya murtuke fuska, ya buga sandarsa a ƙasa, ya faɗi wata magana da ko ba fassara na san ba addu'a ba ce. Dattijuwar ta rufe baki da gefen lulluɓinta tana dariya har kafaɗunta na rawa.

Sai da muka zauna shan shayi a zauren otal ɗin ta warware mini. Sunanta Hanum Safura, tsohuwar malamar makaranta ce. Dogon yayanta ne, Haji Murad. Gajeren mijinta ne, Haji Yunus. Sun fito daga wata gunduma ta ƙauyuka a cikin duwatsu, inda ruwa ɗaya ke gangarowa ya bi ta ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya. Haji Murad shi ne shugaban ƙauyen da ke kan tudu, Haji Yunus shugaban wanda ke gangare. Mu dai dagaci za mu ce, ko da yake su majalisar ƙauye ce ke zaɓensu. A harshensu kuwa "bala" na nufin sama. Sunan ƙauyen Haji Murad ke nan, Ƙauyen Bala, wato Ƙauyen Sama. Na Haji Yunus Ƙauyen Ƙasa.

"Yayana ya ce Allah ne Ya aiko masa da kai," in ji ta. "Mijina ya ce ƙila ma ba sunanka ba ne, yayana ne ya biya ka."

Na ce to mene ne na rigima a kan sunan bawan Allah?

Ta saka ƙwayar sukari a baki, ta kurɓi shayin a kanta kamar yadda suke yi, sannan ta ce hakimin gundumarsu ya sanar cewa gwamnati za ta gina ɗakin shan magani guda ɗaya, da ma'aikaciyar jinya da za ta zauna a wurin. Ƙauyen da ya fi yawan jama'a shi zai samu, kuma shi zai zama hedkwatar gunduma. Masu ƙidaya za su zo bayan sun koma gida. Matsalar ita ce ƙauyukan biyu duk sun zube. Matasa sun tafi birni, an bar tsofaffi da awaki da bishiyoyin gardu, wata irin gyaɗa mai taurin ɓawo da ke fita a bishiya. Tazarar da ke tsakanin Sama da Ƙasa ba ta wuce mutum biyu ko uku ba, kuma kowane wata tana juyawa, gwargwadon wanda ya rasu da wanda ɗansa ya zo ya ɗauke shi.

"Yayana yana lissafa duk wanda ya zo hutun salla. Har wani makiyayi da ke wucewa sau ɗaya a shekara ya gina wa ɗaki. Mijina kuwa in mace na da ciki mutum biyu yake sa ta, in cikin ya yi girma ya ce uku ne."

"Ke fa, Hajiya, ta ina ce?"

"Ni?" Ta yi murmushi. "A Sama aka haife ni, a Ƙasa nake aure. Yayana ya ce tasa ce, mijina ya ce tasa ce. Duk gundumar ni kaɗai ce mutum biyu."

Na tuna kakana, wanda ya yi mai unguwa. Yakan ce a zamaninsu in masu ƙidayar haraji suka doso gari, a rumbu ake cusa samari. Na ba ta labarin, ta fassara musu. A karon farko na ga dattawan nan sun yi dariya a kan abu ɗaya. Da suka lura, kowa ya haɗiye tasa.

Suka ɗauke ni aiki na duk kwanakin da za su yi. A nan wata matsalar ta ɓullo. Dukansu biyu suna bukatar keken: Haji Yunus gwiwa, Haji Murad numfashi. Amma duk wanda ya zauna ya nuna wa abokin gabarsa cewa ƙauyensa ya kusa rasa mutum ɗaya. Haji Murad ya ce shi saboda surukinsa ya kira ni, ga shi nan abin tausayi. Haji Yunus ya ce shi da ƙafarsa yake hawa gonarsa, a dai taimaka wa mai tari. Suka yi ta yi wa juna tayin kujera cikin ladabi mai dafi. Ƙarshe Hanum Safura ta aza jakarta a kai. Ranar farko jaka na tura daga otal har wurin bas, ƙafar hagu na kuka, dattawa biyu suna ɗingishi a gefena, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa ya ga wa zai fara haki. Washegari ita da kanta ta zauna, ta ce tun da an biya ba za a yi asara ba.

Daga nan zawarcina ya fara. Haji Murad ya ja ni gefe a kasuwa, ya nuna mini hoton wani gidan dutse mai ƙofa shuɗiya a wayarsa. Ya nuna gidan, ya nuna ni. Na babban ɗansa ne, ya koma birni. Ya ƙara da bishiyar gardu biyu. Ban gama haɗiye wannan ba Haji Yunus ya kama rigata, ya nuna mini nasa: gida da akuya mai ciki, da rabon ruwan ban-gona. Sharaɗinsa ɗaya ne, in canza suna. Ya ce ba zai yiwu a kira mutumin Ƙauyen Ƙasa da Sama ba, mutane za su yi masa dariya.

Na ce wa Hanum Safura ta gaya musu ni ina da iyali a gida.

Da na sani da na yi shiru. Idon Haji Murad ya kawo haske. "Can nafar?"

Na ɗaga yatsu: mata ɗaya, yara huɗu. Haji Yunus ya zauna a kan dakalin wani kanti, don lissafin ya fi ƙarfin gwiwarsa. Duk wanda ya same ni ya gama da ɗayan. Nan take gardu ya koma gona guda, akuya ta koma garke. Suka matsa sai na kira Hadiza sun gan ta. Na kira. Fuskokinsu suka cika wayar, suna ture juna, kowa yana ɗaga wa yarana hannu yana ƙirga su kada a yi masa ƙwange.

"Baban Sani, su wane ne waɗannan?" in ji Hadiza.

"Dagatai ne. Gida suke so su ba mu a ƙasarsu."

"Gida kyauta? Me suka gani a jikinka?"

"Ba ni suka gani ba, yawanmu suka gani."

Sai Hadiza ta ce, "To tambaye su ko ana samun daddawa a can. In babu, ka ce mun gode."

Hanum Safura ta kasa fassara daddawa. Na yi bayani iyakar iyawata, na ce 'ya'yan itace ne ake dafawa a rufe har su yi wari. Haji Yunus ya yamutsa fuska, amma ya ce in dai wari ne akwai wani cukunsu da zai wadatar.

Da na ba Hajiya Yalwa labari ta yi dariya har ta ajiye muciya. "Ikon Allah! Nan kana ɓuya kada a ƙirga ka, can ana kokawa a ƙirga ka. Ka karɓi akuyar mana, ya waladi."

Ni ma wasa na ɗauki abin, har wata la'asar da dattawan suka shiga wani kanti suna cinikin carbi, aka bar ni da Hanum Safura a inuwa. Ta ce kada in ɗauka hauka ne ke damunsu. In dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsunsu hanya rufewa take yi. Wata shekara matar ɗan Haji Murad ta kama naƙuda a irin wannan lokaci. A kan alfadari aka ɗora ta, ba su kai asibitin birni da ita ba. Bayan an yi sadakar arba'in ɗan ya kwashe sauran yaransa ya tafi, bai dawo ba. Gidan mai shuɗiyar ƙofa nasa ne.

"Mijina ma ya sani," in ji ta. "Shi ya riƙe linzamin alfadarin. Kowannensu so yake a ce a zamaninsa mutane suka daina tafiya. Sun kasa faɗin haka, shi ya sa suke faɗa da juna."

Na tuna tsohuwata da ke zaune a ƙofar gida, da layinmu da babu saurayi ko ɗaya da ya rage sai wanda bai samu kuɗin mota ba. Ni ma wani ne ya rasa ni a lissafinsa.

Ana saura kwana kaɗan su tafi aka kai ayarinsu ziyara Dutsen Nur, inda Kogon Hira yake. Jagoran ayarin ya ce tsofaffi su tsaya a ƙasa su yi addu'a, ya isa. Haji Murad ya kalli dutsen ya ce a ƙauyensu wannan ai juji ne, amma ya fahimci mutanen gangare ba su saba ba. Haji Yunus ya miƙa wa matarsa sandarsa. Ta yi magiya, ta yi faɗa, ta kira sunan iyayensu da suka rasu. Ko a jikinsu. Ta juyo gare ni ta ce, "Bala, don Allah bi su."

Na jingine arabiya kusa da ita na bi su. Rana ta riga ta ɗaga, matakalar duwatsun kamar an gasa. Da farko gasa suke, wannan ya wuce, wancan ya wuce. Can sai tafiyar ta koma ta hawainiya. Haji Murad yana numfashi kamar zuga-zugin maƙeri, Haji Yunus ya jiƙe sharkaf amma ya ƙi karɓar ruwa don bai ga surukinsa ya sha ba. Ba mu kai rabi ba na ga Haji Yunus ya tsaya, ya kama dutse, fuskarsa ta koma launin toka. Kafin in kai gare shi ya sulale.

Abin da na gani daga nan ba zan manta ba. Haji Murad, wanda aka ce kullum yana tambayar lafiyar surukinsa da wata manufa, ya faɗi a kan gwiwoyinsa, ya ɗora kan Haji Yunus a cinyarsa, yana marin kumatunsa yana kiran sunansa da wata irin murya kamar ta yaro. Ya tuɓe hularsa yana yi masa fifita. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjin mutumin, yana kallona kamar ni ne likita.

Zuciyar na bugawa, amma sama-sama. Na leƙa ƙasa. A gindin dutsen akwai motar asibiti, kuma dab da ita ga motar shurɗa. Da muka zo na gan su, na bi ta bayan bas na kauce musu. Yanzu kuwa babu wata hanya sai ta gabansu. Ba zan ce ban yi tunani ba. Na yi tunanin Hadiza, na yi tunanin komawa gida hannu rabbana. Amma tunanin bai daɗe ba, don tsohon yana ta yin sanyi a hannuna. Na durƙusa, wasu alhazai suka taimaka suka ɗora mini shi a baya.

Wanda duk ya ce gajeren mutum ba shi da nauyi bai goyi Haji Yunus ba. Na sauko ina tangaɗi, Haji Murad na biye da ni ya riƙe ƙafar surukinsa ɗaya wai yana rage mini kaya, alhali ja yake yi. Yana kuka yana magana. Daga baya Hanum Safura, wadda ta ji shi da muka iso gindin dutsen, ta gaya mini abin da yake cewa: "Kada ka mutu a nan, jakin banza. In ka mutu da wa zan yi?"

Ma'aikatan asibiti suka karɓe shi, suka kwantar, suka sa masa abin shaƙar iska da ƙarin ruwa. Ni kuwa na zube a ƙasa ina mai da numfashi. Da na ɗago sai na ga takalma baƙaƙe a gabana. Wani ɗan sanda ne matashi. Ya miƙo mini gorar ruwa, ya ce Allah Ya saka. Sai da na shanye tas sannan ya ce, cikin ladabi, "Iƙama?"

Na ce babu.

Haji Murad ya gane abin da ake ciki. Ya shiga tsakaninmu, ya buɗe hannuwa, ya tattaro duk Larabcin da ya mallaka. "Haza nafar Bala! Nafar Bala!"

"Na ji sunansa Bala," in ji ɗan sandan.

"La, la! Bala!" Ya nuna sama, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ni.

Ɗan sandan ya kalli sama, bai ga komai ba. Hanum Safura ta matso, idonta jawur, ta ce, "Yayana yana cewa wannan mutumin ƙauyensa ne a ƙasar Farisa. Shi ne shugaban ƙauyen, kuma ya tsaya masa."

Ɗan sandan ya dube ni, baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Ya dubi Haji Murad, fari sol har jijiyoyinsa ana gani. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai muka ji wata murya daga cikin motar asibiti. Haji Yunus ne. Ya janye abin shaƙar iskar daga hancinsa, ya ɗago kai da ƙyar, yana nuna ni da yatsa.

"Me yake cewa?" in ji ɗan sandan.

Hanum Safura ta share hawaye. "Mijina ya ce ƙarya ne. Wai mutumin ƙauyensa ne, shi ya riga ya ba shi akuya."

Ɗan sandan ya yi dariya har ya dafa motarsa. Abokin aikinsa ya zo, aka maimaita masa, shi ma ya kama ciki. Haji Murad ya ruga ya rungume surukinsa, ya sumbace shi, sannan ya ci gaba da zaginsa daga inda ya tsaya. Na ɗan sa rai dariyar nan za ta fisshe ni. Ba ta fisshe ni ba. Ɗan sandan ya ce ya ga abin da na yi da idonsa, amma doka ba a hannunsa take ba. Bai sa mini ankwa ba, kuma a gaba ya zaunar da ni. Na roƙi Hanum Safura ta mayar wa Hajiya Yalwa arabiyarta, na ba ta lambar wayar Hajiyar da ta Hadiza. Da motar ta tashi na hango Haji Murad yana bin mu da sassarfa, yana ɗaga fasfonsa sama, kamar fasfon zai ishe mu, ni da shi.

Zaman jiran jirgi a gidan da ake tara irinmu ba abin da zan so wa maƙiyina ba ne, ba don duka ko yunwa ba, sai don jira. Ɗaki cike da mutane, kowa da Alhaji Sai-Gobensa. Wata rana aka kira sunana aka miƙo mini ƙunshi. Kayana ne Hajiya Yalwa ta haɗo, da ƙullin dambun nama, da wata jaka cike da gardu da Hanum Safura ta bar mini. Ba mu da abin fasawa, sai muka riƙa sa shi a bakin ƙofa muna dannawa. Ɗakin nan kaf sai da kowa ya ɗanɗana, har wani Bahabashe ya ce in na koma ƙauyen nawa na Farisa in tuna da shi.

Na dawo gida da jaka ɗaya. Hadiza ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Direba, ina akuyar?" Sannan ta shige ɗaki ta yi kukanta. Tsohuwata ba ta tambaye ni komai ba, ta dai riƙe hannuna har aka kira magariba. Na koma gona, da rani kuma ina gyaran kekuna a bakin kasuwa, don ƙafar hagun nan ta koya mini sana'a.

Bayan an yi girbi, wata rana da hantsi wayar Hadiza ta yi ƙara da wata lamba mai tsawo. Hanum Safura ce. Ta ce ta kai arabiyar da hannunta, kuma ita da Hajiya Yalwa sun wuni tare, ta ci tuwo, ta ga daddawa da idonta, ta kuma fahimci dalilin da ya sa muka ƙi zuwa. Haji Yunus ya warke sarai. Na ce to yaya ƙidaya, Sama ko Ƙasa?

Ta yi dariya har sai da layin ya shaƙe.

"Babu ko ɗaya. Akwai wani ƙauye a bakin kwalta, wanda su biyun ba su taɓa ɗauka a bakin komai ba, wai 'yan sayar da kankana ne. Ashe duk mutanen da ke barin ƙauyukanmu ba birni suke kaiwa ba, rabinsu a nan suke tsayawa. Ya fi Sama da Ƙasa a haɗe. Can aka kai ɗakin shan maganin."

Na yi salati. Na ce yaya dattawan suka ɗauka?

Ta juya wayar. Ga su nan zaune a kan darduma ɗaya a gindin wata bishiya, butar shayi a tsakaninsu, kawunansu a haɗe suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu shirya juyin mulki. Ta ce yanzu tare suke shiga mota su tafi wurin hakimi, suna neman a haɗe ƙauyukan biyu su zama ɗaya, a kuma gyara hanyar dutse ta yadda motar asibiti za ta iya hawa ko da ƙanƙara. Hakimin ya amince da maganar hanya. Saura sunan sabon ƙauyen, wanda a kansa suke faɗa tun safe.

"Tun ina amarya nake roƙon Allah Ya zaunar mini da su a shimfiɗa ɗaya," in ji ta. "Na yi nasiha, na yi yaji, na kai su har ɗakin Allah. Ashe abin da suke bukata kawai shi ne wanda za su tsana tare."